Kwalli a Idon San Huɗa

Hawayen na fara gani. Wata safiya ce ta bazara, na fito da ƙwaryar dusa zan kai wa babban sanmu a turkensa na bayan gida. Ya juyo da kai, rana ta haska wani ɗigo yana gangarowa daga idonsa na dama, a hankali, ya bi kunci ya tsaya a gashin haɓa. Na tsaya da ƙwarya a hannu ina kallo. A raina na ce, ashe har dabbobi ma suna yi.

Shekaruna ashirin a lokacin. Na gama sakandare a Wurno na koma Lahodu hannun Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami. Abin da na fi dawowa da shi daga makaranta shi ne jakar littattafan soyayya, waɗanda na karanta har bangonsu ya zube. A cikin littattafan nan ido ne ke yin komai. Ana lumshe shi, ana zaro shi, budurwa tana fari da shi idan saurayi ya burge ta, in kuwa aka raba masoya, shi ne ke zubar da siraran hawaye. Ni kuma duk faɗin Lahodu ban taɓa ganin wanda ya lumshe ido ba sai in barci yake ji. Na daɗe ina jiran ranar da zan ga abin da nake karantawa ya faru a gabana. Ban damu ba da ya zo min a fuskar sa.

Shanun huɗa biyu Baffa ke da su, bokolaye, irin masu guntun ƙahon nan, babba da ƙarami. Su ne ƙarfin gidan. Da su yake huɗe gonarsa ta gero da dawa, da su yake yi wa maƙwabta aiki in damina ta kama. Shekara huɗu suna ƙarƙashin karkiya ɗaya, babban a dama, ƙaramin a hagu. A waccan bazarar Baffa ya tafi fadamar Goronyo aikin kwasar albasa, ya tafi da ƙaramin don a haɗa shi da san wani abokinsa su ja amalanke. Babban kuwa Baffa ya bar shi gida ya huta ya yi ƙiba kafin ruwa ya sauka.

Da zai tafi ya tsaya bakin turke ya ce min, "Ga san nan. Ruwa, dussa, ƙaiƙayi, inuwa. In ka ga abin da ba ka gane ba, ka kira ni."

Ban kira shi ba, domin ban ga abin da ban gane ba. Na gane shi sarai. An raba abokan shekara huɗu, ɗaya yana can Goronyo, ɗaya yana nan yana kuka. Ko a littafi ba a fi haka bayani ba.

Na samu tsohon littafin lissafina na makaranta mai sauran shafuka, na fara rubuta labarin. Kullum da hantsi nakan zauna a kan wani fasasshen turmi kusa da turken, ina kallon san ina rubutu. Rana ta uku ya fara rufe idon rabi, na rubuta cewa ya lumshe ido yana tuna baya. Yana kau da kai daga rana yana cusa fuska a jikin danga, na rubuta cewa duniya ta yi masa zafi ba ya son ganin kowa. Ƙudaje suka fara taruwa a gefen idon. Su kam ban san inda zan sa su ba, domin ban taɓa karanta inda ƙuda ya sauka a kan hawayen masoyi ba. Sai in kore su da littafin in ci gaba.

Rana ta huɗu Baffa ya bugo waya.

"Ya gida? Ya Innarka? Ya san?"

"Duk lahiya lau, Baffa. Sai dai kewa."

Baffa ba mutum ne mai irin wannan magana ba. Can ya yi gyaran murya ya ce, "To, ka yi haƙuri. Na kusa dawowa." Ya kashe. Na daɗe kafin in fahimci cewa ya ɗauka ni ne nake kewarsa, kuma na tabbata abin ya dame shi kwana biyu.

Rana ta biyar hawayen ya daina zama siriri. Ya yi kauri, kwantsa ta manne gashin idon, farin idon ya yi ja. A nan ne gabana ya ɗan faɗi, amma bai faɗi yadda zai kai ni ga hankali ba. Na tuna Inna, matar Baffa, takan ce kwalli yana wanke ido, ko jariri ana sa masa don idonsa ya yi haske. Na jira ta shiga maƙwabta, na ɗauko tandun kwallinta daga cikin kwalla.

Wanda bai taɓa sa wa bokolo kwalli ba, ba zai san aikin ba. Tsinken da Inna ke zizarawa da shi bai yi komai ba, sai da na koma lakatowa da yatsa. Sau biyu ya make ni da kai na zauna cikin kashinsa. Daga baya na gano dabara, in bari sai ya sa baki cikin ruwa, in lallaɓo ta gefe in shafa. Da na gama na ja da baya na duba aikina, sai na ga fuskar ta karkace, ido ɗaya baƙi wuluk, ɗaya ba komai. Na je na sa wa na hagun ma, lafiyayyen, don su yi daidai.

Kwana uku ina yi. Rana ta takwas na ga wani abu fari ya fito a tsakiyar baƙin idon, kamar an ɗiga nono a cikin rijiya. Washegari ya ƙara faɗi. A ranar ce Inna ta ɗaga tandunta ta girgiza.

"Kai, wa yash shanye min tozali?"

Ban amsa ba, amma yatsana ya amsa, don baƙin ya ƙi fita. Ta kalli yatsan, ta kalli idona ta ga ba komai a ciki, sai ta bi ni da kallo har bayan gida. Ta tsaya gaban san ta daɗe. Shi ma ya ɗago ya kalle ta da idon da yake iya buɗewa, an zagaye shi da kwalli kamar mai shirin fita unguwa.

"Mi kay yi ma dabbar ga?"

"Magani na, Inna."

"Magani. Shi wanga na hagun mi ad da shi? Ko biki za shi?"

Na fara yi mata bayanin kewa. Ba ta bari na kai ƙarshe ba. Ta matsa kusa ta leƙa idon daman, na ga fuskarta ta canza, wasan ya fita daga muryarta.

"Ruwa na tahe, ka ga hadari jiya gabas. Baffanka ba shi da komi bayan shanun ga. Sa takalminka ka tahi Wurno asibitin dabbobi, kar ka tsaya ko'ina."

A kan babur na shirya abin da zan faɗa. Na so in yi magana irin ta wanda ya yi karatu, kada a ɗauke ni baƙauye. Na zaci zan tarar da dattijo mai furfura, sai na tarar da mace zaune bayan tebur, da farin gilashi, ta yi tagumi da hannu ɗaya tana kallon taga. Wasu makiyaya uku suna zaune a benci suna jira a kawo musu magani daga ciki. Tagumin nan ya tafi da rabin abin da na shirya. Nan take na san akwai wani tsohon baƙin ciki a zuciyarta wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Na yi sallama, na rusuna, na ce, "Ranki ya daɗe, sanmu ne yake fari da ido."

Ta sauke hannun daga kunci, ta dube ni ta saman gilashi.

"Wa shika yi ma?"

Makiyayan suka fashe da dariya. Mafi tsufa a cikinsu ya ce, "Malama, a tambaye shi ko akwai karsana kusa." Ni kuwa sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa. Na so in ce fari ya fito a idon, harshena ya bi hanyar da ya saba.

Malamar ba ta ja abin ba. Ta jawo takarda.

"Ido guda ko biyu?"

"Guda."

"Kwana nawa da hwara ruwa?"

"Tara."

Ta ajiye biron. "Tara. Kuna ina?"

Ta haɗa jakarta ta hau babur ɗin haya, na hau wani na bi bayanta. Ya kamata a ce a hanyar nan san nake tunani. Gaskiya ita ce kafin mu kai rabin hanya na riga na gano sirrin baƙin cikinta, na share mata hawaye, danginta sun ƙi ni saboda ni talaka ne, daga baya sun yarda. Muna shiga gida ta gaisa da Inna, ta nemi ruwan ɗumi da gishiri ta kuskure baki, ta ce haƙori ne ya hana ta sakat kwana uku. Ta ƙara da cewa babban ɗanta ma sa'ana ne, shi ma haka yake, sai an yi ta bin sa.

Maƙwabta biyu suka zo suka ɗaure san a jikin bishiyar bedi, ni aka ba ni igiyar hanci. Malama ta matso ta ga fuskar, ta tsaya.

"Wa yas sa mai tozali?"

Inna ta kalli sama, maƙwabtan suka kalli ƙasa, ɗayansu kafaɗarsa tana rawa.

"Ni ne," na ce.

"Har na hagun?"

"Don su yi daidai."

Ta dafe kuncin mai ciwo. Sai da ta yi ta ɗura ruwa da sirinji, baƙi yana gangarowa, kafin idon ya fito daga cikin kwalliyar. Ta ɗiga wani magani ta jira kaɗan, sannan ta sa yatsa ta juya fatar idon ta sama, ta leƙa, ta juya ta ƙasa. San yana huci yana jan igiya har tafin hannuna ya saluɓe. Ta ɗauki hantsaki ta kai lungun idon ta wajen hanci, ta jawo wani abu ta ɗora min a hannu.

Gashin ƙaiƙayin gero ne. Bai kai tsawon farcen ɗan yatsana ba. Abin da na yi shafi goma sha wani abu ina rubutu a kansa ke nan.

"Ƙaƙa kaka zuba mai ƙaiƙayi?" ta tambaye ni.

Inna ce ta amsa. "Daga sama, da hannu guda. Gudan hannun na riƙe da littahi."

Haka ne kuwa. Nakan ɗaga kwandon in juye daga tsaye, san ya riga ya cusa kai a kwamin abincinsa, iska tana kaɗawa, ni idona yana kan shafi.

Malama tana wanke hannu tana magana, ba faɗa, kuma rashin faɗan ya fi min ciwo. Ta ce duk lokacin da san ya ƙifta ido, gashin nan yana kartar ƙwayar idon, kwana tara, har ya yi gyambo. Ƙudaje sun kawo nasu, kwalli ya ƙara nasa. Ta ce in ido ɗaya ne kawai ke ruwa a dabba, a fara neman abin da ya faɗa ciki, ko rauni, kafin a nemi wani dalili. Da ranar farko na zo, wankewa kawai za ta yi ta cire, ya warke kafin mako.

"Yanzu hwa?" in ji Inna.

"Idon ba shi hwashewa, in an kula. Gani kau, sai abin da Allah yay yi."

Ta yi masa allura, ta matsa man ido a ciki, ta yanko ƙyalle mai kauri ta manna a saman idon, ta bar ƙasan a buɗe, don ya tare rana da ƙuda. Ta nuna min yadda zan ɗaga ƙyallen in sa man safe da yamma. Da za ta tafi ta ce, "Wanga kaɗai za ka sa mai. Ko turare kar ka shahwa mai."

Na yi jinyar nan da gaske. Ban tsallake ko sau ɗaya ba. Na koma jiƙa ƙaiƙayin da ruwan kanwa kafin in kai masa, in durƙusa in zuba da hannu biyu. Jan ya washe, kwantsar ta tsaya, ya koma cin abinci sosai. A raina na riga na tsara ranar da za a cire ƙyallen: ido zai fito tangaran, ya dube ni, ya gane wanda ya yi jinyarsa. Da Malama ta dawo bayan mako biyu ta cire, farin yana nan, ya daskare a tsakiya kamar ɓawon ƙwai. Ta kaɗa hannu a gabansa, bai ƙifta ba. Ta ce hakiya ce, ta zauna ke nan.

Kwana biyu bayan haka Baffa ya dawo, da ƙaramin san a bayansa. Na tsaya in ga haɗuwar masoya. Ƙaramin ya wuce kai tsaye ya sa baki a kwamin babban, babban ya tunkuɗe shi.

Inna ta tari Baffa da labarin idon da zuwan Malama, ko ruwa bai sha ba ya zagaya turken. Ya zo ta hagu, san ya juyo. Ya koma ta dama ya tsaya dab da shi, san bai san da mutum ba sai da ya taɓa shi, ya zabura. Baffa ya daɗe da hannunsa a kan tozon.

"Kwana nawa shina ruwa kahin ka kira ta?"

"Tara."

"Mi kaka jira?"

"Na ɗauka kewa ta, Baffa."

"Kewar wa?"

Na nuna ƙaramin, wanda ke cin dusar da ba tasa ba. Baffa ya kalle shi, ya kalle ni.

"Da ido guda?"

Bai ƙara cewa komai ba ranar, ko washegari. Da ya zage ni da na ji sauƙi.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, lokacin huɗa ya zo. Ranar farko a gona muka ga abin da na jawo. Babban yana dama, makahon idon yana kallon waje. Duk abin da ya motsa ta wannan gefen, ko tsuntsu ne ya tashi, sai ya firgita ya danne ƙaramin, garma ta kauce, kunya ta fito a karkace, wani wurin ta bi ta kan shuka. Baffa ya ce a sauya musu gefe, makahon idon ya koma ciki wajen ɗan'uwansa. Suka ƙi. Kowanne ya san gefensa shekara huɗu. Ƙaramin ya yi ta juyawa yana neman tsohon wurinsa har ƙafarsa ta harɗe da sarƙa, babban kuwa ya kwanta abinsa. Rana ta take ba mu yi kunya goma ba. Maƙwabcinmu na gona ya leƙo ya ce, in Baffa zai ji shawara, ya kai san kasuwa tun da sauran ƙibarsa. Amma sabon sa sai an hore shi, damina kuwa ba ta jiran horo.

Baffa ya mayar da su yadda suke a da. Ya zauna gindin kalgo, sannan ya kira ni.

"Zo nan ta damansa. Sa hannu bisa tozo. In shina jin mutum nan, ba shi tsoro. Kai ta magana, kar ka tsaya."

"Mi zan ce mai?"

"Ni ka tambaya? Kai da ka san zuciyatai."

Muka tashi. Na fara da "yawwa, sannu, tahi," amma waɗannan ba sa kai mutum ƙarshen kunya ɗaya. Da na yi shiru san ya fara karkata. Ba ni da waƙar noma, ba ni da kirarin shanu. Abu ɗaya ne cike da kaina, sai na fara ba shi labarin wata yarinya marainiya da wani ɗan mai kuɗi da motarsa ta lalace a ƙofar gidansu. San ya miƙe. Kunyar ta fito sambal.

Haka muka yi daminar nan, gonarmu da ta mutane. Ni a gefen makahon ido, taɓo har gwiwa, ina ba sa labarin soyayya da ƙarfi, Baffa a baya riƙe da garma ba ya cewa uffan. Masu wucewa sukan rage tafiya su saurara. Da littattafan jakata suka ƙare na fara ƙirƙirar nawa. Na ɗauka Baffa ba ya ji. Wata rana muna tsakiyar gonar wani mutum ta wajen Marnona, na kai inda saurayin ya dawo daga tafiya ya tarar an tashi daga gidan, sai muka kai ƙarshen kunya, na tsaya shan ruwa. Baffa ya goge zufa, yana duban bakin garma kamar wani abu ya maƙale, ya ce, "To, ya gano ta daga baya?"

Na ce sai gobe. Ya ce wannan rashin kirki ne.

San ya yi damina uku a haka kafin a sayar da shi. A ta biyu ya fara sabawa, ya rage firgita, a ta uku na samu aikin koyarwa a wata firamare ta wajen Rabah, wani ɗan'uwanmu ya karɓi gefen dama, shi da carbi yake yi, yana jan tasbihi a bayyane san yana jin muryarsa, kuma ya yi aiki.

Baffa ya bar huɗa shekaru da suka wuce, gwiwoyinsa sun ƙi. Gonar tana hannun 'ya'yansa, shi kuma yana zaure da tumaki huɗu a turke inda zai riƙa ganinsu. Ya sayi ƙaramar rediyo, ya ce don labarun duniya. Inna ta faɗa min cewa da la'asar, in aka fara shirin da ake karanta littattafai, yakan tura jikoki waje ya rage murya. Zuwana na ƙarshe na same shi ransa a ɓace. Na tambayi Inna ko jikin ne, ta ce a'a, batir ne ya mutu masa jiya ana tsakiyar shari'ar gadon wata yarinya, kuma girmansa ya hana shi tambayar maƙwabta yadda aka ƙare.